Mahbub Mai Zare Soket

Idan mutum ya gano aibi a aikin wanda suke neman mace ɗaya da shi, ya buɗe baki ya faɗa, wa zai iya rantsewa gaskiya ce ta yi magana ba kishi ba? Idan kuma ya yi shiru don kada a ce kishi ne, shirun nasa kawaici ne ko ha'inci? Mai ba da wannan labari ya daɗe yana juya tambayar, bai samu inda zai ajiye ta ba. Shi ma Mahbub, wanda abin ya faɗo wa a ka wata ranar Talata cikin daminar 2001, bai samu ba.

Yana zaune a kusurwarsa ta ofis, a hawa na biyu na wani bene a Ikeja, wayar wutar kwamfuta a hannunsa. Shi ya zare ta daga soket da kansa. Cikin aikinsa ne.

Kamfanin nasu ƙarami ne, mutum tara, suna rubuta wa ƙananan asibitoci furogiram na ajiye katin marasa lafiya. Shekara uku Mahbub ya yi a teburin masu rubutawa, babu wanda ya kai shi saurin hannu. Sai wata rana aka aike shi wani asibiti a Mushin, ya tarar da wata dattijuwar nas tana share hawaye a gaban abin da shi ya rubuta, layin marasa lafiya har bakin titi, ita kuma ta rasa inda za ta danna. Ya dawo ya roƙi Oga Akinwale, mai kamfanin, ya ɗauke shi daga teburin.

Tun daga ranar aikinsa ya zama biyu. Ya gwada abin da sauran suka rubuta, ya nemo inda zai karye kafin ya isa hannun mutane. Sannan ya rubuta littafin bayani da harshen da nas mai gaggawa za ta gane.

A ofis suna kiransa Malam Ɗauke-wuta, saboda yadda yake zare waya ana tsakiyar aiki don ya ga abin da zai faru. A unguwarsu ta Agege kuwa labarin ya isa da wata kama: an sauke Mahbub daga injiniya, an mayar da shi magatakarda.

Sau bakwai ya gwada a ranar, sau bakwai abu ɗaya ya fito. Idan wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake adana katin mara lafiya, da ta dawo sai rukunin jininsa ya koma kan katin wanda aka shigar kafin shi. Babu ƙara, babu gargaɗi. Katin zai fito tsaf kamar ba a taɓa shi ba.

Ranar Juma'a za a kai furogiram ɗin asibitoci uku, ɗaya daga ciki na haihuwa ne a Agege. Wanda ya rubuta wannan sashe kuwa Abdulwahid ne, wanda Oga ya yi wa alkawarin shugabancin teburin idan Juma'a ta wuce lafiya. Kuma Abdulwahid ɗan ƙanwar Alhaji Yari ne, mahaifin Laila, yarinyar da su biyun suke nema.

Mahbub ya jira har sauran suka sauka cin abinci, sannan ya kira shi.

Abdulwahid ya iso yana gyara sabuwar wayar hannu da ya rataye a ɗamararsa, irin wadda ta shigo gari a watan, wadda ko bai kira kowa ba sai ya taɓa ta sau goma a yini.

"Malam Ɗauke-wuta, yau kuma wa ka kashe?"

"Zauna ka gani."

Ya nuna masa sau ɗaya. Ya sake. A na uku dariyar ta bar fuskar Abdulwahid.

"Wa zai zare soket yana cikin aiki in ba mai taɓin ƙwaƙwalwa ba?"

"Ba sai an zare ba. Jiya sau nawa aka ɗauke wuta a unguwarmu?"

"To su sayi akwatin batir mai riƙe wuta. Ka ƙara layi ɗaya a littafinka: kada a kunna sai da batir. Magana ta ƙare."

"Na je asibitin haihuwar nan makon jiya. Suna da akwatin. Ya mutu tun bara, a kansa suke ɗora kular abinci."

Abdulwahid ya shafa kansa. "Gyaran nan sati biyu zai ci."

"Ka je ka faɗa wa Oga da bakinka. Ka ce kai ka gano. Ni ba sai na rubuta komai ba."

"In je in ce masa me? In ce abin da na yi wata huɗu a kansa yana musanya jinin mutane? Abeg, rabu da ni. Bayan Juma'a zan gyara a hankali, in kai musu sabo, babu wanda zai sani."

"In wata ta buƙaci jini kafin ka gyara fa?"

Abdulwahid ya ja kujera ya matso, ya sassauta murya.

"Mahbub, mu daina zagaye-zagaye. Ni da kai mun san ba jini kake gani a allon nan ba. Laila kake gani."

Abdulwahid ya waiga ya dubi ƙofa, ya ci gaba.

"Ga magana. Ka sa hannu a takardar cewa ka gwada komai lafiya. Ranar Litinin, ina zama shugaba, zan dawo da kai teburinmu. Ka koma injiniyanka. Ba abin da Kawu ya ce ka yi ke nan ba? Sai mu kara a fili, kowa da matsayinsa, wanda ta zaɓa shi ke nan."

Ya miƙe ya dafa kafaɗar Mahbub kamar aminai, ya fita.

Gaskiya ya faɗa game da Kawun nasa. Sati biyu da suka wuce Alhaji Yari ya kira Mahbub ya ce masa injiniya ya yi wa alkawarin 'yarsa, ba mai bin bayan mutane yana tsintar kuskurensu ba. Ya ce mutumin da abincinsa laifin wasu ne, da wace zuciya zai zauna da mace? Ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya koma aikinsa na farko, ko ya manta da hanyar gidan.

Washegari bayan la'asar Mahbub ya sauka daga motar haya ta danfo a Pen Cinema, ya bi ta gefen layin dogo yana tsallake kwatami har gidan.

Laila ta fito zaure da mayafinta ruwan toka, hannunta riƙe da takardu. Malamar aji huɗu ce a wata firamare a unguwar, kuma ita ce farkon mai karanta duk abin da ya rubuta. Dokarsu ita ce, duk layin da ta karanta sau biyu kafin ta gane, ta ja masa jan biro.

"Ga aikinka, ranka ya daɗe," ta ce tana miƙa masa. "Shafi na shida ka ci sifiri."

"Sifiri ɗungurungum?"

"Ka rubuta 'a tabbatar an kammala aikin adanawa kafin a fice.' Wa zai tabbatar? Ta yaya? Matar nan jariri na kuka a kunnenta. Ka ce mata: ki jira har kalmar nan ta fito, sannan ki tashi."

Ya duba shafin, ya yi murmushi. "Ashe ke ya kamata Oga ya ɗauka."

"Ba zai iya da ni ba." Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta dube shi da kyau. "Yaya Mahbub, ba ka ci abinci ba yau."

"Na ci."

"Ba ka iya ƙarya ba, ka daina gwadawa. Mene ne?"

Ya faɗa mata komai. Katin, jinin, Juma'a, da tayin Abdulwahid. Tana saurare tana murɗa bakin mayafinta a yatsa. Ruwan da aka yi da rana yana ta ɗiga daga kwanon rufi cikin wani bokiti a bakin ƙofa.

"Goggo, mahaifiyarsa, tana ciki yanzu haka," ta ce bayan ya gama. "Kullum sai ta zo. Jiya da turmin atamfa daga kasuwar Idumota, yau da turare. Ta zauna wajen Umma tana cewa zumunci, zumunci, wai ɗanta ya kusa zama babban oga, wai kai kuma biro aka ba ka ka riƙa kwafe aikin maza. Umma ba ta cewa komai, sai ta dube ni. Kallon nan ya fi maganar Goggo ciwo."

"Ki yi haƙuri. Ni na ja miki."

"Kai ka ja min mana. Da ka tsaya a teburinka da yanzu ana maganar lefe." Ta yi dariya, hawaye suka biyo dariyar. "Baba ma fa yana da 'yar gaskiyarsa. Ranar da na kawo maka kunun aya me ka ce?"

"Na ce ya yi daɗi."

"Ka ce ya yi daɗi, amma sukari ya ɗan yi yawa."

"Ya ɗan yi yawa ɗin."

"To ka gani."

Wani ɗan okada ya wuce a kan babur yana watsa ruwa. Mahbub ya sunkuyar da kai yana kallon jan biron da ke shafin.

"Laila, zan iya sa hannun. Layi ɗaya ne. Litinin in koma teburi, ƙarshen wata kawuna ya zo wajen Baba. Wataƙila ma wutar ba za ta taɓa ɗaukewa a daidai wannan daƙiƙar ba."

"Wataƙila."

"Kuma akwai abin da ban faɗa miki ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Lokacin da na ga kuskuren, na tuna wanda ya rubuta sashen, na ji daɗi. Ba da daɗewa ba, kamar ƙiftawar ido. Amma na ji. Tun jiya nake tambayar kaina, in na kai rahoton nan, wane ne a cikina zai kai shi? Mai tsoron Allah, ko wanda ya ji daɗin nan?"

Ta goge fuskarta da bayan hannu.

"Kai matsalarka ke nan, komai sai ka kwance shi ka ga cikinsa, har zuciyarka. Ka yi istigfari a kan jin daɗin. Ka kai rahoto a kan jinin. Abu biyu ne, kada ka haɗa su."

"Za a ce don ke na yi."

"Za a ce."

"Baba zai rufe min ƙofa."

"Zai iya." Muryarta ta karye. "Zan yi kuka. Na iya kuka, ka ga ma na fara tun yanzu. Zan daina cin abinci, Umma ta yi ta faɗa, Goggo ta kawo wani turmin. Ban san yadda za ta ƙare ba, kada ka tambaye ni. Amma in ka sa hannu, zan aure ka, eh. Sai in zauna kullum ina kallon hannun nan kana cin tuwona da shi, ina tunanin wace mata ce aka ɗaura wa jinin da ba nata ba. A asibitin nan Antina ta haifi 'yan biyunta, Yaya Mahbub. Ni na kwana a wajenta."



"Ba na so in rasa ki," in ji shi.

"Ni ma. Shi ya sa nake kukan, ko ka ɗauka albasa nake yankawa?"

Daga cikin gida aka ƙwala kiran sunanta. Muryar Goggo ce. Laila ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kai bakin ƙofar ciki sannan ta juyo.

"Ka gyara shafi na shida. Kuma ka tsaya wajen mai masa ka ci wani abu, kada ka faɗi a cikin danfo ka ba ni kunya."

Ranar Alhamis da safe ya rubuta rahoton. Shafi ɗaya ne. Abin da aka danna, lokacin da aka zare waya, abin da ya fito, sau nawa aka gwada. Bai sa sunan kowa ba. Oga Akinwale ya karanta a tsaye, ya sa aka nuna masa sau biyu, ya ɗauki tarho ya ɗage Juma'a zuwa wani wata. Bai yi wa kowa tsawa ba. Amma a ofishin mutum tara babu wanda bai san wa ya rubuta wane sashe ba, kuma daga ranar ba a sake jin maganar shugabanci a bakin Oga ba.

Kafin sallar Juma'a Goggo ta riga ta yi kukanta a tsakar gidan yayanta. Ranar Asabar da hantsi saƙo ya iso wa Mahbub: Alhaji na nemansa a rumfa.

Rumfar Alhaji Yari tana can cikin layin 'yan goro, doguwa, mai sanyi, tana ƙamshin ɗanyen ganye. Yana da masu wanki da masu ɗauka, amma zaɓe da ɗauri ba ya bar wa kowa. Mahbub ya tarar da shi zaune a kan buzu, huhu a buɗe a gabansa, yana ɗaukar goro ɗaya-ɗaya daga kwando, ya juya shi a yatsa, ya jera. A gefe wani baƙo ne zaune, Hamani, ɗan kasuwa daga Maraɗi, wanda ake haɗa wa kayan.

Mahbub ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe su. Hamani ya amsa da fara'a. Alhaji ya ce "lafiya" bai ɗaga kai ba, ya nuna masa tabarmar da ke fuskantarsa, a ɗaya gefen huhun.

"Alhaji, kamiyo fa bayan azahar zai tashi," in ji Hamani.

"Zai tashi da kayanka. Ka taɓa ganin na sa mota ta jira?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa tun zamanin babana nan muke zuwa. Can wajenmu in aka ga sunanka a jikin buhu, ba a ma buɗewa a duba."

Alhaji ya ci gaba da jeri. Sai da ya gama layi guda sannan ya yi magana, idonsa a kan goro.

"Ka kunyata ɗan ƙanwata a gaban baƙin mutane."

"Ban rubuta sunansa ba, Baba."

"Sai an rubuta? Kai da shi 'yan unguwa ɗaya ne, masallaci ɗaya. Da ka ga ya yi kuskure sai ka ja shi gefe."

"Na ja shi gefe, Baba. Ranar Talata. Na ce ya je ya faɗa da bakinsa."

Hannun Alhaji ya tsaya a cikin kwando na ɗan lokaci.

"Ba a faɗa min wannan ba." Ya ɗauki wani goron. "To me ya ce?"

"Ya ce zai gyara daga baya."

Mahbub bai ƙara ba. Maganar tayin ta zo bakinsa, ya haɗiye ta. Ta gaskiya ce, amma ya san wane ne a cikinsa yake son faɗarta.

"Ka ji ko," in ji Alhaji. "Yaro ya ce zai gyara. Amma kai ba ka iya jira ba, don ka ga inda za ka kayar da shi. Ni ban san kwamfuta ba, ba na kuma neman sani. Amma na san mutum. Na ba ka zuwa ƙarshen wata ka koma sana'arka, sai ka ɗauki wannan ɗabi'ar ka shigo min da ita cikin dangi."

A daidai lokacin ne Mahbub ya gani.

Alhaji ya ɗauko wani jan goro, babba, kyakkyawa, ya juya shi rabin juyi, ya ajiye shi a kusurwa. Gefen da ya fuskanci Alhaji sumul yake. Gefen da ya fuskanci Mahbub kuwa, kusa da tsagar, akwai wani ɗan rami kamar tsinin allura, da ɗan baƙin gari a bakinsa. Hasken ƙofa ya faɗa a kansa sarai. Duk wanda ya tashi a Agege ya san sankara in ya gan ta, ya kuma san abin da guda ɗaya take yi wa huhu a cikin zafin mota.

Kafin ya gama gaskata idonsa, Alhaji ya jera wani layin a kai.

Wataƙila datti ne. Wataƙila inuwa ce. Idon Alhaji ya fara rauni, kowa a layin ya sani, babu kuma wanda ya taɓa faɗa, tabaran da aka yanko masa ma yana can cikin aljihu ba ya sawa a gaban mutane. Ga baƙo zaune. Ga maganar da ake cikin yi masa yanzu-yanzu a kan neman laifin mutane. Idan akwai ranar da ya kamata ɗan Adam ya kama bakinsa, yau ce.

Mahbub ya kama bakin nasa. Yana kallo Alhaji ya rufe da ganye, ya naɗe buhun, ya ja igiya, ya ɗaure, ya sake ɗaurewa, ya buga huhun da tafin hannu.

"Ga kayanka, Hamani."

"Madalla. Bari in kama ruwa in yi alwala, in kira masu ɗauka."

Hamani na fita Laila na shigowa da kular abincin mahaifinta. Ta yi sallama, ta ga wanda ke zaune, ta tsaya cik a bakin ƙofa. Idanunta sun kumbura.

"Ajiye nan," in ji Alhaji. "Tsaya ma, ki ji da kunnenki, kada a ce na yi a bayanki." Ya juya ga Mahbub. "Kana da abin cewa kafin in yanke magana?"

Mahbub ya dubi Laila. Ya dubi huhun. Yana da kalmomi da yawa da ya shirya tun a hanya, na ban haƙuri, na alkawari, na roƙo. Ya neme su ya rasa.

"Baba, akwai sankara a huhun nan."

Laila ta rufe ido.

"Me ka ce?"

"Guda ɗaya na gani. Na jira baƙon ya fita ne."

Alhaji ya dafa gwiwa ya miƙe zaune sosai. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro.

"Tun kafin a yi auren uwarka nake zaɓen goro. Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaure huhu a garin nan, ban taɓa kwance wanda na ɗaure ba. Ba zan fara yau ba don wani yaro mai biro ya ce ya gani. Ka gama da ɗan ƙanwata, yanzu ka iso kaina. Tashi ka fita."

"Baba," in ji Laila.

"Ke kuma ki yi min shiru."

Mahbub ya miƙe. Ya je bakin ƙofa ya sa takalmi ɗaya, ya sa ɗayan. Laila tana gefensa, tana kuka ba sauti, ba ta dube shi ba. Ya san in ya taka waje shi ke nan. Ya kuma san akwai abin da bai ƙarasa ba, domin gaya wa mutum akwai kuskure ba tare da nuna masa inda yake ba rabin aiki ne.

Ya juyo.

"Kusurwar da ke wajen ƙofa ce, ta hannun hagunka. Layi na biyu daga sama. Ja ne, babba. Ramin yana kusa da tsagar, ta gefen da ba ya kallonka. Daga inda kake zaune ba za a gan shi ba, Baba, ko wane ne. Ni ma don ina wancan gefen ne."

Alhaji ya zuba masa ido.

"Ka san abin da ka yi wa kanka yanzu?"

"Na sani."

"Ni ba ɗan ƙanwata ba ne. Ba abin da za ka samu in ka kayar da ni. Hasara kawai za ka yi."

"Haka ne."

"To don me?"

"Kwana huɗu zai yi a mota. Kuma ya ce can ba sa buɗewa su duba."

Alhaji ya dubi huhun, ya dubi igiyar da ya ɗaure da hannunsa. Daga waje ana jin muryar Hamani yana ciniki da masu ɗauka, yana matsowa. Tsohon ya shafa gemunsa a hankali, sau ɗaya, sau biyu. Sannan ya juya ga 'yarsa.

"Haka yake ko da yaushe?"

Laila ta ja hanci. "Haka yake, Baba. Na nemi maganinsa na rasa."

"Kuma a haka kike sonsa."

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Alhaji ya yi wani guntun tsaki wanda bai kai zuci ba. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa, ya daɗe yana lalube kamar mai fatan kada ya samu, ya fito da tabaran ya maƙala a hancinsa.

"Laila, tare Hamani a waje. Ki ba shi abincin nan, ki ce na ce ya ci a hankali, motarsa ta jira." Ya ɗaga buzun ya zaro 'yar wuƙarsa. "Kai kuma, cire takalmin nan ka dawo. Ba can ba. Nan, kusa da ni. Riƙe min bakin buhun."

Mahbub ya durƙusa ya riƙe.

Alhaji Yari ya yi bisimilla, ya sa wuƙa ya yanke igiyar.